Barnaba Ya Kulle Ƙofa, Bai Yi Ajiya Ba

Akwai wani mutum, tela, a wani gari da ke bakin babbar hanya, sunansa Barnaba. Ba mugu ba ne. Na faɗa muku wannan tun da fari, don kada wani ya gyara zama ya ce ai labarin mugaye za a ba da, shi ba ruwansa. Mutum ne mai tsoron Allah, ba ya fashin sujada, ba ya cin yadin mutane. In ka kai masa ɗinki, ragowar ƙyallen ma sai ya naɗe ya miƙo maka. Matarsa ta rasu ta bar shi da 'ya ɗaya tak, Keziya, wadda shan-inna ya taɓa wa ƙafafu tun tana rarrafe. Da sanduna take tafiya, kuma daga ɗaki zuwa shago sai ta tsaya a hanya ta huta.

Abu ɗaya ne ke cin zuciyar Barnaba: ran da ya kwanta dama, wa zai ci da Keziya? Noma ba nata ba ne. Talla ba tata ba ce. Samarin gari kuwa sukan gaishe ta da ladabi, su wuce abinsu. Da ta zama budurwa, sai ya rufe ido ya sayar da gonar da ya gada, ya sayo wani inji na hannu, irin wanda teloli ke ce wa monogiram. Shi wannan inji ba a taka shi da ƙafa. A kwamfuta ake zana adon da ake so, fure ne ko suna ko kurciya, a tura wa injin ta wayar da ta haɗa su, sai allura ta kama ɗinki da kanta. Aikin duka a zaune ake yin sa. Ran da aka sauke injin a shago, Barnaba ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a kai, ya ce, "Wannan shi ne ƙafarki. In ba na nan, shi zai kai ki inda za ki." Ranar Keziya ko abinci ba ta iya ci ba don murna.

Ta kuwa iya. Kafin a yi nisa hannunta ya fi na ubanta a wajen zane. Shi ya san yadi da zare, ita ta san yadda ake lanƙwasa ganye har ka ce iska ce ke kaɗa shi.

To, ku saurara nan da kyau, don in wannan ya wuce ku, labarin ya wuce ku. Kwamfuta da inji ba yare ɗaya suke ji ba. A tsakaninsu akwai wata 'yar manhaja da ke zaune cikin kwamfuta, masu gyara suna ce mata direba. Ni tafinta zan kira shi, gama aikinsa ke nan: kwamfuta ta yi magana, shi ya juya wa inji. Tafintan Barnaba tsoho ne, tare da injin ya zo a cikin wata tsohuwar kwamfuta, kuma sun san bakin juna sarai. Sai dai akwai babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, ita ce uwar gida. Wannan uwar gida tana da wani hali. Da zarar ta ji ƙanshin intanet, sai ta zaga gidan, duk tafintan da ta ga ya tsufa ta sallame shi, ta ɗauko sabo ta zaunar a gurbinsa. Ba ta sallama, ba ta neman izini. A ganinta taimako take yi.

Ana nan, da Ista ta gabato, ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya suka kawo sababbin rigunansu a yi musu ado a ƙirji. Reshen dabino suke so, babu shi kuwa cikin zane-zanen da ke kwamfutar. Da yamma Keziya ta jona wayarta da kwamfutar, ta shiga intanet don ta samo samfurin da za ta duba. Ta samo, ta gyara shi ya yi kyau, ta kashe, ta tafi gida. Ba ta san cewa a ɗan wannan lokacin uwar gida ta yi aikinta ba.

Da safe Barnaba ya ɗaura riga ta fari, ya tura zane. Allura ta tashi kamar abin arziki, can sai ta karkace, ta yi ta sara wuri ɗaya har zare ya dunƙule, yadi ya yage. Ya ce laifin ɗauri ne, ya sa wata riga. Ita ma haka. Ya ce laifin allura ne, ya canja, ya sa wata. Kun san halin mutum in ya rikice, maimakon ya tsaya sai ya ƙara mai. Kafin hankalinsa ya dawo ya lalata rigunan da ba za a iya mayar da su kafin biki ba. Ranar Ista mawaƙa da kayan gida suka tsaya gaban jama'a. Ba wanda ya zage shi, wannan kuwa shi ya fi ciwo. A bakin ƙofar majami'a kowa sai ya riƙe hannunsa ya ce, "Ba komai, Baban Keziya, tsautsayi ne." Da ma mari suka yi masa, da ya fi sauƙi. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

Aka kira Istifanus mai gyaran kwamfuta, ɗan wani abokin Barnaba ne. Ya zauna ya bincika, ya gane abin da ya faru. Allah ya taimaka, tsohon tafintan bai riga ya fita daga gidan ba, yana can a ajiye a wani lungu. Istifanus ya kori sabon, ya dawo da tsohon kan kujerarsa. Aka gwada a kan tsumma, reshen dabino ya fito tsaf, sai dai biki ya riga ya wuce.

Barnaba ya ce, "Ba yadda za a yi a hana ta sake yi mini wannan?"

Istifanus ya ce, "Akwai, Baba." Ya shiga can cikin saitin kwamfutar, ya buɗe wani ɗan shafi da ke tambaya ko ana so uwar gida ta riƙa ɗauko wa na'urori sababbin tafintoci da kanta. Amsa biyu ce a ƙasa, E da A'a, kuma a kan E take tun daga masana'anta. Barnaba ya ce a ba shi linzamin kwamfutar, ɗan abin nan da ake dannawa, da hannunsa zai yi. Ya danna A'a da ƙarfi kamar mai kashe kunama.

Istifanus ya ce, "Ƙofa ta kullu, Baba, ba mai shigowa sai da saninka. Amma saura abu na biyu. Kamfanin da ya ƙera injin nan ya daɗe da rufewa. Na nemi wannan tsohon direban a intanet, ban same shi ba. Yanzu a cikin kwamfutar nan kaɗai yake. A kwafe shi a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, a ajiye, don ita ma kwamfutar tana da ranarta. Ba aikin da zai kai shan kofin kunu ba ne."

Babu filash a hannu ranar. Barnaba ya ce gobe.

Da Istifanus ya tafi, Barnaba ya juya ya dubi 'yarsa. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai tsawa ba ne. Cewa ya yi, "Daga yau hannunki ya huta." Ya ɗinka wa kwamfutar riga mai zip, ya sa mata ɗan kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa. Keziya ta koma yanke zare da guga, tana zaune kusa da injin da aka ce ƙafarta ne, tana kallon ubanta yana fama da zanen da za ta iya gamawa kafin ya gama gyara tabarau. Ta yi kuka a ɓoye, amma ta ce a ranta fushi ne, zai huce.

Bayan 'yan kwanaki Istifanus ya dawo da filash. Barnaba ya tare shi a bakin shago.

"Na ji an ce wannan abin cuta yake ɗaukowa daga kwamfuta zuwa kwamfuta."

"Sabo ne, Baba. Ga shi a ledarsa, ko buɗe shi ban yi ba."

"Waccan da ta kunyata ni, ai ita ma taimako ta zo yi. Abin da ke aiki, a bar shi ya yi aikinsa."

Istifanus ya yi magiya, ya gaji, ya mayar da abinsa aljihu. Yaro ba ya ja da abokin ubansa.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, kuma in za a faɗi gaskiya, aiki ya yi kyau. Injin bai sake karkacewa ba ko sau ɗaya. Sauran teloli masu sababbin injuna, yau wannan ya tsaya, gobe wancan ya rikice, duk saboda ɗauke-ɗauken da kwamfutocinsu ke yi ba da saninsu ba. Su zo wurin Barnaba da kuka, shi kuwa ya miƙe ƙafa ya ce, "Ku kulle ƙofa. Ni tun ran da na kulle tawa nake barci da munshari." Gaskiya ya faɗa musu, ba na musun wannan. Amma bai taɓa gaya wa kowa abu na biyun ba, don shi kansa ya daina tunawa da shi.

Keziya ce ba ta manta ba. Lokaci lokaci, in ta ga ransa fari, takan ce, "Baba, maganar kwafen nan fa?" Ya ce, "Ana nan." Takan ce, "To ko ka nuna mini inda yake zaune a ciki, in sani kawai." Ya ce, "Duk naki ne, gaggawar me kike yi?" Da gaske yake kuwa. Ko a mafarki bai taɓa nufin ya hana ta ba. Yana ganin kansa kamar mai gadin rumbu, wanda in lokaci ya yi zai miƙa makulli a sami hatsi cike. Fushin ya daɗe da hucewa, amma tsoro ya zauna a gurbinsa, tsoro kuwa ya fi fushi daɗewa a gida.

Wata shekara, ana shirin Kirsimeti, shago cike da kayan mutane, sai kwamfutar ta fara wata ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, kamar ana ɓare gyaɗa. Faifan ajiyar da ke cikinta ne, inda komai yake, har da tafintan. Keziya ce ta fara ji, don ita ke zaune kusa. Ta aika aka tambayo Istifanus, ya aiko cewa kada a kwana, wannan ƙarar ta ban kwana ce, ga shi nan zuwa. Da ya iso, Keziya ta sauke sandunanta, ta zame daga kujera ta durƙusa gaban ubanta, abin da ke yi mata wuya ƙwarai.

Ta ce, "Baba, don Allah. Ba ni zan taɓa ba. Kai ka riƙe linzamin, shi ya gaya maka inda za ka danna."

Barnaba ya dubi tulin kayan mutane da ke jiran aiki. Ya tuna bakin ƙofar majami'a, ya tuna hannuwan da suka riƙe nasa suna cewa ba komai. Idan aka taɓa, wani abu ya sake karkacewa ana gab da biki fa? Ya ɗaga 'yarsa ya zaunar da ita, ya kakkaɓe mata zane, ya ce, "Bari mu fita daga aikin Kirsimeti. Washegarin biki, da kaina zan je in kira shi."

Ba su fita ba. Ana saura kwanaki kaɗan, Barnaba ya buɗe kwaɗo da safe, ya kunna, allo ya kawo baƙi da ɗan rubutu fari a sama, ya tsaya nan. Ya kashe ya kunna. Ya cire waya ya mayar. Ya ɗora hannu a kai ya yi addu'a, hawaye na zuba. Ko ƙarar ma ta daina.

Istifanus ya ciro faifan, ya gwada duk dabarar da ya sani, bai tashi ba. Barnaba ya naɗe shi a zane, ya shiga mota ya tafi Jos. Daga kanti zuwa kanti, kowa ya jona, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Aka ce ya gwada Kano, ya tafi Kano. Can wani mai gyara ya buɗe faifan a gabansa, ya nuna masa inda ya karce, ya ce, "Baba, wannan ya mutu. Ba ka da kwafe a wani wuri?" Duk inda ya je tambayar ke nan, har ya zama kafin su buɗe baki ya san abin da za su ce. Ya dawo gida da abinsa a naɗe, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

Istifanus ya kawo tasa kwamfutar aro. Aka bar ƙofa a buɗe, uwar gida ta ɗauko sabon tafinta, allura ta yi ta sara wuri ɗaya har tsumma ya yage. Aka kulle ƙofa, injin ya yi tsit, ko motsi babu. Aka yi cigiyar masu irin injin. Aka ji labarin wani tela a wani gari mai nisa, Barnaba ya bi sawu, ya tarar mutumin ya daɗe da sayar da nasa ga masu sayen tsohon ƙarfe, kwamfutar kuma ba wanda ya san inda ta shiga. Abin da ya fi ƙona rai shi ne, injin Barnaba lafiyarsa ƙalau. Ba abin da ya karye, ba abin da ya yi tsatsa. Ba dai wanda ya rage a duniya da ya san yadda ake yi masa magana.

Gona ta riga ta tafi, ba abin sayarwa a sayi wani. Barnaba ya jawo tsohon kekensa na ƙafa daga lungu, amma idonsa ya yi rauni, ɗinki sai ya karkace, masu kawo aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Keziya kuwa me za ta yi da keken da ake takawa? Ta gwada na hannu tana faci, sai dai garin cike yake da masu faci, abin da ke shigowa bai isa tuwon mutum biyu ba. Suka fara kwana da kunu. Barnaba ya daina haɗa ido da 'yarsa. In ta miƙo masa ruwa, ƙasa yake kallo ya karɓa.

Da labari ya kai wa ƙanwarsa Liyatu, mai sayar da abinci a tashar mota a birni, sai ta zo. Ta ce, "Yaya, ba za ku mutu ku biyu ina kallo ba. Ka ba ni ita. Akwai wurin zama a bayan rumfa, ta riƙa tsince wake tana wanke kwanuka. Aƙalla za ta ci ta ƙoshi." Barnaba ya buɗe baki zai ce a'a, ya ga ba shi da abin da zai ɗora a bayan a'ar. Ya gyaɗa kai.

Ran tafiya, Keziya ta ce a tsaya da ita a shago. Ta shiga da sandunanta, ta tsaya gaban injin ta daɗe. Ubanta na bakin ƙofa.

Ya ce, "Keziya, Allah ya sani don ke na tsare shi."

Ta ce, "Na sani, Baba. Ka tsare shi daga kowa, har da ni."

Ba da fushi ta faɗa ba, da ma da fushi ne. Ta juya, gwaggonta ta taimaka mata ta hau mota, aka miƙa mata sandunan ta taga. Hannun nan da ya iya lanƙwasa ganye ya tafi wanke kwanon matafiya. Barnaba ya tsaya a bakin hanya har motar ta ɓace, ya ci gaba da tsayuwa bayan ta ɓace, sai da wani maƙwabci ya zo ya kama hannunsa ya kai shi gida.

Ga ma'anar wannan misali, kuma da ku nake, iyaye, ba da yaran ba.

Uwar gidan nan mai shigo da baƙi ba sallama, ita ce zamanin da muke ciki. Ba ya tambayarka kafin ya zaunar da sabon malami a zuciyar ɗanka. Ta waya yake shigowa, ta abokai, ta abin da ake kallo, kuma kullum da sunan taimako. Wanda ya bar ƙofarsa a buɗe, yadinsa zai yage. Don haka kada wani ya fita daga nan ya ce an ce Barnaba ya yi kuskure da ya danna A'a. Daidai ya yi. Ku ma ku danna.

Amma kulle ƙofa ba ajiya ba ce. Tsohon tafintan nan shi ne sanin Allah da ke cikinka, kai uba, ke uwa. Ba dokokin gidanka nake nufi ba, waɗannan yara sun haddace su tun suna goye: kada ka je, kada ka taɓa, kada in gan ki da wance. Ina nufin abin da ke ƙarƙashin dokokin. Me ya riƙe ka ran da ka binne matarka? Da wace magana ka je gaban Ubangiji shekarar da fari ya cinye gona? Me ya sa ka yafe wa ɗan'uwanka bayan abin da ya yi maka? Ɗanka ya san kana rufe ɗaki kana addu'a, amma ya taɓa jin abin da kake faɗa a ciki? Kana da wannan duka, yana aiki, shi ya sa gidanka yake tsaye. Sai dai a wuri ɗaya yake, cikin ƙirjinka, ka sa masa kwaɗo ka rataya makulli a wuya.

Kuma na san dalilinku, don na san ku. Yaron ya taɓa yin kuskure sau ɗaya, ya kunyata ka a bakin ƙofar majami'a, tun daga ranar ka ce hannunsa ya huta. Kana ciyar da shi, kana tufatar da shi, kana ce masa duk naka ne, amma ba ka sake zama da shi ka buɗe zuciyarka ba. In ya yi tambaya mai nauyi, ka ce ana nan. In ta ce, "Mama, koya mini yadda kike addu'a," ki ce bari a gama girki. Ana gama girki sai wanki, ana gama wanki sai girbi, ana gama girbi sai biki. Aikin da bai kai shan kofin kunu ba, ga shi yaro har ya fara gemu ba a yi shi ba.

Ƙarar nan ta ƙas, ƙas kuwa, wasunku suna jin ta yanzu haka. Gwiwar da ba ta son tashi daga benci. Ƙwayar hawan jini da ke aljihunka. Sunan jikanka da ya ɓace maka jiya sai da aka tuna maka. Kana cewa ba komai ba ne, 'ya'yanka kuwa suna ji, don su ke zaune kusa. Ran da allo ya yi baƙi, za su gaji gida lafiyayye, da suna mai kyau, da kujerarka a ikkilisiya, da dokoki cike da kai, amma ba su san yadda ake magana da Allahn ubansu ba. Daga nan hanya biyu ce. Ko su buɗe ƙofa zamani ya kawo musu nasa tafintan, rayuwa ta yi ta sara wuri ɗaya har ta yage, ko su bar ta a kulle su zauna shiru cikin addinin da ba ya motsi. Na ga irin na fari, na ga irin na biyu, ban san wanne ya fi ban tausayi ba.

Ina so in ce muku Barnaba ya samo tafintan daga baya, Keziya ta dawo, an yi murna. Ba zan faɗa ba, don ba haka ya faru ba. Allah mai jinƙai ne, yana gafarta wa Barnaba in ya tuba, babu shakka. Amma gafara ba ta tayar da faifan da ya karce. Akwai abin da in ba ka miƙa shi da ranka ba, da kai za a binne shi, kuma ba Jos ba Kano da za a je a samo.

Yanzu za mu sunkuyar da kai mu yi addu'a. Amma wanda ya san ɗansa na can waje ƙarƙashin bishiya yana jira a tashi, ko 'yarsa na gida ta daina tambayarsa komai, kada ya rufe ido tare da mu. Ya tashi ya fita ya same su. Mu za mu yi addu'ar, shi ya je ya yi maganar, in har sun yarda su saurara.